Daga Ganye Zuwa Ƙwaya: Yadda Tsiro Ke Ƙera Maganin Zazzaɓin Cizon Sauro

Gabatarwa

A zangon karatun da ya gabata, malaminmu na darasin fassara ya ba mu aikin gida, ya ce kowa ya nemo takardar nan da ake cusawa a cikin kwalin magani ya mayar da ita Hausa. Ni ban sha wahalar nema ba, domin a makon ne na tashi daga zazzaɓin cizon sauro, kwalin maganin ma yana nan a kan akwatina. Na fassara yadda ake shan maganin da yawan ƙwayoyin da gargaɗin da aka yi, duk ba tare da wata matsala ba. Amma da na zo kan sunan maganin kansa, wato atemita, sai na cije. Na tambayi wani ɗan ɗakinmu da ke karatun harhaɗa magunguna, sai ya ce, “Ai daga ganye aka samo shi, ɗan'uwan tazargadenku ne. Sunan uwar sinadarin atemisinin.”

Wannan amsa ita ta jawo wata tambayar. Ta yaya ganye, wanda ba shi da hannu balle tukunya, zai harhaɗa maganin da manyan masana'antu ke shan wahalar kwaikwayo? Na kwashe makonni ina bin wannan tambaya tsakanin ɗakin karatu da ɗakin abokina, kuma abin da na fahimta shi ne wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyanawa. Ba ƙaramin al'amari ba ne a wurinmu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2023 an samu kamuwa da wannan cuta har miliyan 263 a duniya, kuma mutum dubu 597 suka rasu. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwar 'yan Nijeriya ne, mafi yawan mamatan kuma ƙananan yara ne.

Mene Ne Enzayim?

Kafin mu shiga cikin ganyen, ya kamata mu san ma'aikatan da za mu tarar a ciki. Sunansu baƙo ne, amma aikinsu ba baƙo ba ne a gidan Bahaushe. Duk wanda ya taɓa ganin ana haɗa kunun zaƙi ya san cewa bayan an dama gasara ta yi kauri, sai a bari ta ɗan huce, sannan a zuba niƙaƙƙen tsiron hatsi ko ɗanyen dankali, a rufe a bar shi ya kwana. Da gari ya waye sai a tarar kaurin ya saki, zaƙi ya fito. Wani abu ne a cikin tsiron ya bi sitacin gasarar yana daddatsa shi zuwa sukari. Haka kuma, waran da muke saya a nan kudu, da ruwan ganyen tumfafiya matan Fulani ke sa madarar ta dunƙule. Ganyen gwanda kuwa, kowa ya san yana tausasa nama mai tauri.

Wannan abu da ke aiki a ɓoye shi ne masana kimiyya ke kira enzayim. Furotin ne da halitta mai rai ke ƙerawa domin ya gaggauta wani sauyi a jikin wani sinadari, shi kuwa ba ya ƙarewa a wajen aikin, da ya gama da wannan sai ya kama na gaba. Yana da halaye biyu da ya kamata mai karatu ya riƙe. Na farko, kowane enzayim da irin aikinsa, kamar yadda kowane kwaɗo yake da makullinsa. Na tumfafiya ba zai zaƙaƙa kunu ba. Na biyu, umurnin ƙera kowane enzayim a rubuce yake a cikin ƙwayoyin gadon halittar, shi ya sa ake iya ɗauko umurnin daga wata halitta a dasa a wata. A wannan maƙala na yi wa kalmar jam'i irin na Hausa, na ce enzayimomi, kamar yadda muke cewa mota da motoci.

Tsiron da Yadda Aka Gano Sirrinsa

Tsiron da muke magana a kansa masana na kiran sa Artemisia annua, mutanen ƙasar Sin kuma suna ce masa cinhawo. Shekara ɗaya yake yi ya mutu, yakan kai tsawon mita biyu, ganyensa tsattsage ne mai ƙamshi da ɗaci. Asalinsa daga nahiyar Asiya ne, amma yau ana noma shi a Sin da Biyetnam da Madagaska da Kenya da wasu ƙasashen gabashin Afirka.

A lokacin yaƙin Biyetnam, zazzaɓin cizon sauro ya addabi sojoji, ga shi kuma kulorokwin ya fara kasawa a yankin. Saboda haka a ranar 23 ga watan Mayu na 1967 gwamnatin Sin ta kafa wani shirin sirri na neman sabon magani, wanda aka raɗa wa suna Shiri na 523 saboda wannan rana. A 1969 aka ɗora wata masaniyar magunguna mai suna Tu Youyou a kan wani rukuni na shirin. Ita da abokan aikinta suka tattara fiye da haɗe-haɗen gargajiya 2,000, suka gwada ɗaruruwan ruwan tsirrai a jikin ɓeraye. Cinhawo yakan yi aiki yau, gobe ya ƙi. Sai ta koma ga wani littafin magani da wani malami mai suna Ge Hong ya rubuta a ƙarni na huɗu, ta lura cewa shi jiƙa ganyen ya ce a yi a matse ruwan, bai ambaci dafawa ba. Daga nan ta yi zargin cewa zafin wuta ne ke ɓata aikin, ta koma tatsar ganyen da ita, wani ruwan sinadari da ke tafasa a zafin da bai wuce digiri 35 ba. A watan Oktoba na 1971 samfur na 191 ya kawar da ƙwayar cutar gaba ɗaya daga jinin ɓerayen gwaji. A 1972 ita da wasu abokan aikinta suka fara shan maganin da kansu kafin a ba marasa lafiya, kuma a wannan shekara aka tace tsantsar sinadarin. A 2015 aka ba ta lambar yabo ta Nobel.

To, gano maganin daban, sanin yadda tsiron ke ƙera shi daban. Wannan na biyun sai da ya ci wasu shekaru kusan arba'in.

Masana'antar da Ke Bayan Ganye

Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne ba dukkan ganyen ke wannan aiki ba. Idan aka sa ganyen a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, za a ga wasu 'yan ƙananan ƙuraje a fatarsa da jikin furanninsa, kamar an yayyafa raɓa. Wani irin gashi ne gajere mai fitar da mai. Kowane ɗaya an gina shi da ƙwayoyin halitta goma, an jera su bibbiyu hawa biyar. Biyun ƙasa su ne gindi, biyun da ke bi musu su ne wuya, shidan sama kuma su ne ma'aikata. A can ƙoli fatar gashin takan kumbura ta zama 'yar jaka, a cikinta ake tara abin da aka ƙera.

A 1994 wasu masana a Amurka suka tabbatar da haka ta hanyoyi biyu masu sauƙin fahimta. Sun tsoma ganye a cikin ruwan kulorofom na daƙiƙa biyar kacal, lokacin da bai isa ruwan ya ratsa cikin ganyen ba, sai ga kashi 97 cikin 100 na atemisinin ya fito. Sannan suka binciki wani nau'in tsiron da aka samu ba shi da wannan gashi, ba su tarar da atemisinin a jikinsa ba. Akwai hikima a wannan killacewa, domin atemisinin guba ne ga tsirrai, har da wanda ya ƙera shi. Tamkar mai sayar da fetur ne da ya gina rumbun ajiyarsa a bayan gida, nesa da madafa.

Matakan Aikin

Atemisinin ƙaramin gini ne da aka yi da ƙwayoyin zarra 42: kabon 15, haidurojin 22, oksijin 5. Idan mai karatu ya riƙe lissafin kabon da na oksijin, zai iya bin aikin daga farko har ƙarshe.

Shiri. Ganye yana amfani da hasken rana ya kamo kabon daga iska ya yi sukari. Daga sukarin nan tsiro ke yin wasu ƙananan tubala, kowanne mai kabon biyar. Wani enzayim yakan ɗauki tubala uku ya ƙulla su baki da baki, su zama igiya mai kabon 15 da 'yar jela ta sinadarin fosfet, wadda ake taƙaita sunanta da FPP. Wannan igiya ba ta maganin zazzaɓi kaɗai ba ce. Kamar jemammiyar fata take a kasuwa, wani baduku ya saya ya yi takalmi, wani ya yi jaka, wani ya yi kube. Tsiro na yin man ƙamshi da ita, yana kuma yin kayan ginin jikinsa. Kai, mu ma jikinmu yana yin irinta, daga gare ta kwalastaral ke fitowa.

Mataki na farko. Enzayim mai suna ADS shi ne ke janye igiyar zuwa layin magani. Yakan tsinke jelar, ya lanƙwasa igiyar, ya ƙulla ta ta zama zobba biyu manne da juna da ɗan hannu a gefe. Sabon abin shi ake kira amofadayin. Wani mai ne mai kabon 15, babu oksijin ko ɗaya, kuma ba ya yi wa ƙwayar zazzaɓi komai. Amma ƙashin ginin ya samu, kuma daga nan babu komawa baya. Masana a Wageningen ta ƙasar Holan, ƙarƙashin Harro Bouwmeester, su suka bayyana wannan enzayim a 1999.

Mataki na biyu. Yanzu sai a fara liƙa oksijin, wanda aiki ne mai wuya, domin mai ba ya karɓar oksijin a daidai inda ake so sai da gwani. Gwanin shi ne CYP71AV1. Ɗan wata babbar zuriya ce ta enzayimomi masu ɗauke da ƙwayar ƙarfe a tsakiyarsu, kuma 'yan'uwansa ne ke cikin hantarmu suna sarrafa magungunan da muke sha. Ba ya aiki shi kaɗai, yana da mataimaki mai suna CPR da ke turo masa ƙarfin aiki, kamar dai maƙeri da mai zuga. Yakan kama ƙarshen ɗan hannun nan ya ɗora masa oksijin ɗaya, abin ya zama nau'in sinadarin da ake kira alkohol, wanda ba shi da alaƙa da abin sha sai ta fuskar suna. Daga nan a cire masa haidurojin biyu ya zama aldihaid, kuma a wannan gaɓa wani enzayim mai suna ADH1 yana sa hannu. A 2006 rukunin masana biyu, ɗaya a Kalifoniya ta Amurka, ɗaya a Saskatoon ta Kanada, suka gano CYP71AV1 kusan lokaci guda.

Mataki na uku. A nan ne aka iso mararraba, kuma a ganina nan ne zuciyar labarin. A jikin ɗan hannun aldihaid ɗin akwai wasu kabon biyu da ke riƙe da juna da ƙulli biyu maimakon ɗaya. Idan enzayim mai suna DBR2 ya riga kowa isowa, sai ya ƙara haidurojin biyu ya kwance ƙulli ɗaya, kayan su kama hanyar magani. Idan kuwa ya makara, sai sauran enzayimomin su wuce da kayan yadda suke su mayar da su asid atemisinik, wanda a cikin ganye ba ya zama atemisinin, wani sinadarin daban yake komawa mai suna atiyanuwin B. Wannan ne ya sa ake samun tsiron iri biyu waɗanda ido ba ya bambanta su. Wanda DBR2 ɗinsa ke da yawa yana tara magani, wanda nasa ya yi ƙaranci kuwa yana tara abin da ba shi ake nema ba. Masanan Saskatoon ne suka gano DBR2 a 2008.

Mataki na huɗu. Enzayim na ƙarshe, ALDH1, wanda aka bayyana a 2009, yakan ƙara oksijin na biyu, aldihaid ya zama asid. Sunan wannan asid dogo ne, dihaiduro-atemisinik, saboda haka bari mu kira shi asid na ƙarshe. A lissafinmu yanzu muna da kabon 15 da oksijin 2. Saura oksijin uku, kuma su ne masu muhimmanci. Sai dai a nan enzayimomi suka ajiye kayan aiki.

Rana da Iska Su Ke Ƙarasawa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano ya ga wani abin mamaki. Idan marini ya tsamo zane daga rijiyar baba, ba shuɗi yake fitowa ba, kore-kore yake fitowa. Sai ya ɗaga shi ya sha iska, a gaban idonka launin ya juye ya zama shuɗi. Marini ya yi nasa, amma iska ce ta ƙarasa rinin.

Irin wannan ne ke faruwa a cikin 'yar jakar da ke kan gashin ganyen. Bayan an tura asid na ƙarshe cikinta, sai hasken rana ya faɗa kan sinadaran launin ganye, su kuma su miƙa ƙarfin hasken ga iskar oksijin, ta zama mai zafin nama fiye da yadda muka san ta. Wannan zazzafar oksijin takan afka wa asid ɗin ta manne, ɗaya daga cikin zobban ya tsage, wata oksijin ɗin ta sake shiga, ginin ya naɗe kansa ya rufe. Da ƙura ta lafa, oksijin ya tashi daga 2 zuwa 5, atemisinin ya samu. Hujjojin da masana suka tara sun nuna cewa wannan mataki yana faruwa ba tare da enzayim ba. An ajiye tsantsar asid ɗin a ɗakin gwaji, ba ganye ba komai, iska da lokaci suka mayar da wani ɓangarensa atemisinin. Haka kuma an lura cewa shanya ganyen a rana bayan an yanke shi yana iya ƙara yawan maganin, alhali tsiron ya riga ya mutu.

Daga cikin oksijin biyar ɗin nan, biyu suna riƙe da juna kai tsaye, sun yi gada a tsakiyar ginin. Irin wannan gada ba ta da yawa a cikin sinadaran tsirrai, domin ba ta da ƙwari, abu kaɗan ke karya ta. Amma rashin ƙwarin nata shi ne amfaninta. Idan aka cire oksijin ɗaya daga gadar, sinadarin da ya rage ba ya kashe ƙwayar zazzaɓi ko kaɗan.

Yadda Gadar Ke Kashe Ƙwayar Cuta

Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro takan shiga cikin jajayen ƙwayoyin jininmu ta zauna tana cin himogulobin, wato furotin ɗin da ke ɗaukar iska, wanda ke ɗauke da sinadarin ƙarfe. Tana ci tana barin ragowar da ke da ƙarfen a cikinta. Da atemisinin ya iso ya haɗu da wannan ƙarfe, sai gadar ta karye, gutsattsarin su zama masu kama duk abin da suka taɓa, su bi furotin-furotin ɗin ƙwayar cutar suna lalatawa. Wato tarko ne wanda abincin ɓarawon ke ɗana shi. Shi ya sa maganin ke da saurin sauke zazzaɓi.

Sai dai yana da rauni biyu. Ba ya narkewa sosai a ruwa, saboda haka masana suka ɗan gyara shi suka fitar da 'ya'yansa, irin su atemita da atesunet, ba tare da sun taɓa gadar ba. Sannan ba ya daɗewa a jiki, cikin 'yan sa'o'i ya fita. Wannan ne dalilin haɗa shi da wani maganin mai jinkirin fita, kamar lumefantirin ko amodayakwin, domin na farko ya yi kaca-kaca da rundunar, na biyu ya tsaya ya share ragowar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar irin wannan haɗi a 2001, Nijeriya kuma ta mayar da shi maganin farko a 2005, bayan kulorokwin ya gaza. Ga zazzaɓi mai tsanani kuwa, wani babban gwaji da aka yi a kan yaran Afirka, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2010, ya nuna cewa allurar atesunet ta rage mace-mace da kashi 22.5 cikin 100 idan aka kwatanta da kwinin.

Da Aka Koya wa Yis Sana'ar Ganye

Mai karatu zai iya tambaya, mene ne amfanin sanin sunayen waɗannan enzayimomi? Amsar tana cikin kasuwa. Maganin da ke cikin busasshen ganye kaɗan ne, daga ƙasa da kashi ɗaya cikin 1,000 a wasu nau'o'in zuwa kimanin kashi ɗaya cikin 100 ko ɗan fiye a nau'o'i masu kyau. Ga shi kuma daga shuka zuwa ƙwaya akan ɗauki fiye da shekara. Idan farashi ya tashi manoma su yi rububin shukawa, kaya su yi yawa farashi ya faɗi, su daina, sai kuma a shiga ƙaranci. Tsakanin 2005 da 2008 farashin kilo ɗaya ya yi ta hawa da sauka tsakanin dala 120 da dala 1,200.

Wani masani a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Jay Keasling, ya ga cewa tun da umurnin ƙera enzayim a rubuce yake, ana iya kwafo shi a dasa a cikin yis, wato abin da ke kumbura burodi. Yis dama yana yin igiyar FPP don amfanin kansa. A 2004 Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da dala miliyan 42.6 domin aikin. A 2006 suka samu yis mai ɗauke da ADS da CYP71AV1 da mataimakinsa, yana cin sukari yana fitar da asid atemisinik kimanin miligiram 100 a kowace lita. Da aka ƙara masa ADH1 da ALDH1 da wasu gyare-gyare, a 2013 ya kai giram 25 a lita. Abin lura shi ne, asid atemisinik ɗin da yake hanyar ɓata a cikin ganye, a masana'anta ya zama abin nema, domin masana na iya yin aikin DBR2 da kansu su ƙara masa haidurojin. Mataki na ƙarshe kuma, kwaikwayon ganye suka yi: suka haska fitilu masu ƙarfi, suka hura oksijin.

A 2013 kamfanin Sanofi ya buɗe masana'antar wannan aiki a Garessio ta ƙasar Italiya. Amma a daidai lokacin manoma sun yi noma mai yawa, farashin na ganye ya faɗo ƙasa da dala 250, alhali na yis yana cin dala 350 zuwa 400. A 2016 kamfanin ya sayar da masana'antar ga Huvepharma. Ke nan ganye bai sauka daga kujerarsa ba. Duk da haka ilimin bai tafi a banza ba, domin da shi masu kyautata iri, irin su na Jami'ar York a Ingila, suka samu hanyar zaɓo tsirrai masu yawan magani domin manoma.

Ganye ko Ƙwaya?

Yanzu bari mu dawo gida. A 2020, lokacin annobar korona, da ƙasar Madagaska ta fito da wani ruwan magani da aka yi da wannan tsiro, sunan tazargade ya cika gari. Ni kaina na tashi na ga kakata tana ajiye ƙullin tazargade a cikin kwallarta saboda jikoki, kuma ba na raina wannan ilimi, domin mun ga cewa daga littafin gargajiya Tu Youyou ta samo bakin zaren. Amma abin da muka koya a sama ya isa ya sa mu yi hattara.

Da farko, zuriyar Artemisia tana da ɗaruruwan nau'o'i, kuma sunan tazargade bai keɓanta ga nau'in ƙasar Sin ba. Kama da wane ba ta wane. Na biyu, ko da ainihin nau'in ne, mun ga cewa yawan maganin ya dogara ga ƙarfin DBR2, da yawan gashin ganyen, da lokacin da aka yanke shi, da yadda aka shanya shi aka adana. Babu mai iya duban ƙullin ganye ya faɗi abin da ke ciki. Na uku, maganin ba ya son ruwa, kuma ba ya daɗewa a jiki, ga shi a cikin jiƙo ba shi da abokin tafiya mai share ragowa. Zazzaɓin na iya sauka mutum ya ɗauka ya warke, alhali ƙwayoyin da suka fi taurin kai suna nan, su ne kuma sauro zai kwasa ya kai wa maƙwabci. Saboda waɗannan dalilai, a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ba ta goyon bayan amfani da jiƙo ko garin ganyen a matsayin maganin wannan cuta.

Wannan tsoro ba na banza ba ne. Tun a 2008 da 2009 aka ba da rahoton ƙwayoyin cutar da ke jinkirin mutuwa a yammacin Kambodiya, a 2014 aka gano sauyin da ke jawo haka a wata ƙwayar gadonsu mai suna kelch13, kuma daga 2020 aka tabbatar da ɓullar irinsu a Ruwanda, sannan Yuganda da Eritiriya da Tanzaniya. Iyayenmu sun ga yadda kulorokwin ya tashi daga maganin da kowa ke yabo ya koma abin da ba ya jin kira. Wanda ya sha ƙwaya biyu ya ji sauƙi ya ajiye sauran, shi ma yana taimaka wa cutar ne ta koyi wannan darasi. Haɗin atemita da lumefantirin sau shida ake shan sa cikin kwana uku, kuma sai an cika.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa atemisinin aikin gayya ne. A cikin wani ɗan gashi mai ƙwayoyin halitta goma, ADS ya naɗa igiya ta zama zobba, CYP71AV1 da mai zugarsa suka ɗora oksijin, DBR2 ya karkata kayan zuwa hanyar da ta dace, ALDH1 ya mayar da su asid, sannan rana da iska suka gina gadar da ke kashe ƙwayar cuta. Idan ɗaya ya yi sanyi, abin da ke cikin ganyen ya ragu, kuma wannan ne ya sa awo da gwaji suka zama dole kafin ganye ya zama magani.

Game da aikin gidan da ya jawo duk wannan, a ƙarshe na bar sunan atemita yadda yake, na ƙara jimla ɗaya a ƙasansa mai bayyana asalinsa da dalilin shanye shi duka. Malam ya ja layi a ƙarƙashin jimlar, ya rubuta cewa ba ta cikin matanin asali, amma bai rage mini maki ba. Ina kira ga 'yan'uwana ɗaliban harshe da mu riƙa leƙawa sassan kimiyya da ke maƙwabtaka da mu. Kalmomin da na yi amfani da su a nan, irin su enzayimomi da asid na ƙarshe da gada, shawara ce kawai, wanda yake da waɗanda suka fi su ya kawo a fitowa ta gaba mu tattauna. Uwar da ke riƙe da yaro mai zazzaɓi da tsakar dare, da Hausa za ta yi tunanin ko ta ƙarasa ba shi maganin ko ta ajiye saura, kuma hakkinmu ne bayanin ya iso gare ta da harshen da take ji. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.